Wata Goma Sha Huɗu Keken Mai Faci Yana Kwance

Matar wana ta yi shekara ashirin da bakwai tana ɗinki a wani ɗan ɗaki da ke bayan ɗakin wanki na babban asibiti. Mai Faci ake ce mata. Ni Yaya nake ce mata, ita kuma Auta take kirana, har yau da ba ni da baƙin gashi ko ɗaya a kai.

Ɗakin taku huɗu ne a taku uku. Taga ɗaya ce, ita ma bango take kallo. Akwai keken ɗinki mai aiki da lantarki, da kujera, da kanta biyu: ta hagu ta kayan da suka yage, ta dama ta waɗanda aka ɗinke. Zanin gado, rigar filo, labule, korayen rigunan ɗakin tiyata, duk abin da ya yage a asibitin nan gabanta yake zuwa. Da safe kantar hagu ce a cike, da yamma ta dama. Haka ta yi ta yi. Ba mai yawan magana ba ce. In ka gaishe ta tana ɗinki, da haɓa take amsawa.

Ba da son ranta ta zo wurin ba. Mijinta, wato wana, ma'aikacin lantarki ne a sashen gyara, inda ni ma nake. A wancan zamanin da baki ake aiki. Mutum ya tare ka a baranda ya ce fanka ta mutu a ɗaki kaza, ka ɗauki jakarka ka tafi, ba wanda ya san inda kake. Wata safiya wana ya sauke babban makunni a baranda, ya shiga bayan injin busar da kaya yana gyaran waya. Wani mai wanki ya zo ya ga kaya sun taru jiƙe, ya ga makunni a ƙasa, ya zaci wuta ce ta faɗi da kanta kamar yadda ta saba. Ya ɗaga. Ba mugu ba ne, aikinsa yake so ya yi. Ni ina can ina gyaran famfo aka zo aka kira ni.

Bayan wannan ne aka kawo katin aiki. Ɗan kwali ne mai layi uku. Layin farko na shugaban sashen da ke da abin da ya lalace, ya sa hannu cewa ya sani kuma ya gaya wa mutanensa kada kowa ya taɓa. Layi na biyu na Injiniya, shugabanmu, shi ke ba da kwaɗo da jan allo da za a rataya a makunni. Layi na uku na wanda ya yi aikin, bayan ya gama. Mutane sun yi ta gunaguni, don kwan fitila ma sai ya kwana biyu bai samu canji ba. Amma tun daga ranar wuta ba ta sake kama kowa ba a asibitin.

Ita kuma aka ba ta ɗakin faci, tunda ta koyi ɗinki wurin gwaggonta tun tana budurwa. Da shi ta raini 'ya'ya uku. Ban ga ta yi kuka sosai ba a lokacin. Na dai ga ta ninke rigunan aikinsa, ta warware, ta sake ninkewa.

Shekara ashirin da biyar ɗakinta yana ƙarƙashin shugaban wanki. In allura ta ƙare ko mai, shi ke sa hannu. Sai aka kawo wasu mutane masu kwat daga waje, su duba yadda ake aiki su sake tsari. Sun yi wata uku suna zagayawa da takardu. Sun leƙa ɗakinta sau ɗaya, ɗayansu ya tambaye ta zani nawa take ɗinkewa a rana, ta ce gwargwadon yadda suka yage. Ya yi dariya ya rubuta wani abu.

Da suka gama aka manna babban zane a bangon ofis. Akwati-akwati ne, kowanne da layi yana haɗa shi da na samansa, har a kai kan na shugaban asibiti. An ce yanzu kowa ya san wanda ke kansa, ba sauran ruɗani. Gaskiya wasu abubuwan sun gyaru. Mu a gyara da muna da masu ba mu umarni har huɗu, aka mayar da shi ɗaya, muka huta. Wanki kuma aka ba ɗan kwangila, shugaban wanki ya tafi ritaya, aka soke kujerarsa. Zannuwan da ke ajiye aka mayar ƙarƙashin Mai Sito. Ɗakin faci ba a ba kowa ba. Ba korar ta aka yi ba, sunanta na cikin ma'aikata. Mantawa aka yi a zana mata akwati.

Ba ta sani ba, ni ma ban sani ba, don kaya ba su daina zuwa ba. Sai ranar wata Talata da hantsi ta aiko a kira ni.

Na tarar da ita zaune, hannu a cinya. Ta taka keken, ya yi gurnani bai juya ba.

"Ka ji shi? Kamar kai in an tashe ka da safe."

Ban ko buɗe ba na san ciwon. Kwandensa ce ta mutu, wani ɗan abu kamar batir da ke taimakon motar keken ta tashi. Aikin minti goma. Na ce, "Yaya, ƙaramin abu ne. Bari in kawo kati."

Na kawo, na cika, muka tsaya a layin farko.

Muka fara da Babbar Sista, tunda zannuwan na ɗakunan kwanciya ne. Ta karɓe mu da fara'a, ta ce, "Ayya Mai Faci, da ina da iko da tuni. Amma a sabon tsari ni masu jinya ne kaɗai a hannuna. Gwada mutumin wanki."

Mutumin ɗan kwangila ko kallon katin bai yi ba. "Baba, mu ba ma'aikatan asibiti ba ne. Mu wanke, mu goge, mu miƙa. In na sa hannu a nan gobe a ce na karɓi keke."

Mai Sito ya juya katin gaba da baya, ya ce, "Ni kaya aka ba ni, ba mutane ba. Ke kaya ce?"

"Na kusa zama," in ji ta.

Ya yi dariya, ya miƙo mana katinmu.

A ofishin ma'aikata wani mutum mai tabarau ya tashi da kansa ya kai mu gaban zanen. Ya ɗora yatsa a sama yana gangarowa, ya bi wannan layi, ya dawo ya bi wancan. Ya jima. Sannan ya ce, "Mama, ke a ina kike?"

"Bayan ɗakin wanki."

"A'a, a nan nake nufi."

"To ai kai za ka gaya mini."

Ya ce kuskure ne, kuma ba shi da ikon ƙara akwati da kansa, sai kwamitin tsari ya zauna. Ya rubuta, ya sa a fayil. Mutumin kirki ne, har ƙofa ya raka mu.

Washegari ta zo da allurar hannu. Zanin gadon asibiti ba kamar na gida ba ne, kauri gare shi don ya jure wanki da ruwan zafi, gefensa kuma ninki uku. Abin da keke ke yi a minti biyu, hannu sai ya yi rabin awa. Kantar hagu ta cika, kaya suka sauko ƙasa, suka kai bakin taga. Ita dai tana zaune tana turawa tana ja. Saura wata goma sha huɗu da 'yan kwanaki ta yi ritaya.

Na je wurin Injiniya na ce ya sa hannu a layin farko shi ma. Ya ce, "Ɗakin ba nawa ba ne. In mutum ɗaya ya cika layi biyu, katin ya zama wasan yara." Ya ɗan yi wasa da biro. Sannan ya ce, "Amma ka san ni da rana nakan fita cin abinci. Ba na ganin abin da ke faruwa a bayan ɗakin wanki."

Na gane. Akwai wata kwandensa mai kyau da na cire daga fankar da aka yar. Na sa ta a aljihu, na nufi ɗakinta lokacin hutu. Ta zuba mini shayi a murfin filas. Na fito da abin na ajiye a kan keken.

"Mene ne wannan?"

"Maganin mai gurnani. Ki fita ki sha iska, kafin ki dawo ya tashi."

"Ina katin?"

"Yaya, soket ɗaya ne. In zare shi da hannuna, kina tsaye kina gani. Wa zai kunna?"

"Ina katin, Auta?"

Na ce Injiniya ma ya kau da kai. Ta ce wannan Injiniyan ba ya nan lokacin da wana ya rasu. Ta ci gaba da ɗinki, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Bayan an yi bakwai, Injiniyan wancan zamani ya zo har gida. Kana nan ai, kai ka shimfiɗa masa tabarma. Ya fito da katin nan daga aljihu ya nuna mini. Ya ce daga yau ba wanda zai sake taɓa waya sai an sa hannu. Na ce to." Ta ciji zare ta tsinke. "Ban ga wani abu ya fito daga mutuwar wanka ba sai kwalin nan. Ba a ɗakina za a fara tsallake shi ba. Kuma ba kai ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Kamar mai gaya maka ƙarfe nawa.

Na mayar da kwandensa aljihu. A aljihun ta zauna tun daga ranar. In matata za ta wanke rigar aiki sai ta fitar da ita ta ajiye a kan tebur, da safe in sake ɗauka. Har ta daina tambaya.

Kwamitin bai zauna ba. Wata na farko aka ce shugabansa ya yi tafiya. Na uku aka ce sun zauna amma maganar ɗakin haihuwa ta cinye lokacin. Na biyar mai tabarau ya samu canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi bai ga fayil ba, muka sake rubutawa. Duk ranar Litinin nakan hau bene in tambaya. Magatakardar ofishin har ta saba, tun ina bakin ƙofa take cewa, "Baba mai keke, ba a zauna ba." In ce to, in sauko. Ban taɓa jin haushinsu ba. Kowa na cikin akwatinsa yana aikin da aka ba shi, kuma ba wanda aka ba aikin tunawa da ita.

Babbar 'yarta ta zo gidana wata ranar hutu, ranta a ɓace.

"Baffa, ka ga hannun Mama kuwa? Cokali ma da ƙyar take riƙewa."

"Na gani."

"To ka gyara mana mana! Ka shiga da sassafe kafin ta zo. In ta tarar yana aiki me za ta yi, ta kai ka kotu?"

Na ce ba za ta kai ni ko'ina ba, ba za ta dai taka shi ba.

"Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, mun sani. Amma shekara nawa yanzu? Ku biyun nan kun ishe ni. Na ce in kai mata keken hannu daga gida, ta ce shigo da kaya sai da takardar ƙofa, takardar ƙofa sai shugaban sashe ya sa hannu. Wane irin wuri ne wannan?"

Makullin ɗakin na rataye a wurin masu gadi, kuma sau biyu na tsaya a gabansa da sassafe. Na san da na shiga na yi, hannunta zai huta ko da fushi za ta yi da ni. Na kuma san cewa ni ne na ɗauko wana daga bayan injin nan. Sai in tsaya, in tsaya, in wuce wurin aikina. Har yanzu ban san ko daidai na yi ba.

Wajen wata na takwas tarin ya daina girma. Ɗakunan kwanciya sun ga abin da suka aika ba ya dawowa da wuri, sai suka daina aikawa, yagaggen zani ya koma tsumman goge ƙasa. Ba wanda ya yanke wannan shawara, haka kawai ta faru. Ita kuma ta ci gaba da cin tarin da ke gabanta, zani shida a rana, daga baya biyar, daga baya uku. Yatsunta na dama suka kumbura a gaɓoɓi, babban yatsa ya daina lanƙwasa. Takan tura allura da gefen almakashi. Ba ta yi ƙorafi ba, ba ta kuma sake hawa bene ba tun ranar farko. In na sauko daga ofis ranar Litinin ba ta tambaya. Takan dube ni, in girgiza kai, ta tura mini murfin filas.

Saura kwana tara ta tafi, magatakarda ta tare ni a matakala da takarda a hannu. "Baba mai keke, an zauna!" An sa ɗakin faci ƙarƙashin sito. Ashe abin da ya tuna musu shi ne suna neman wurin ajiye katifu, wani ya ce ai akwai ɗaki bayan wanki, aka duba zane ba a gan shi ba.

Na kai wa Mai Sito kati. Katin ya tsufa a hannuna, ya yi laushi kamar ƙyalle. Mai Sito ya sa hannu a tsaye, ko zama bai yi ba. Injiniya ya sa nasa, ya ba ni kwaɗo da jan allo. Na sauko da sauri, abin da ban saba ba.

Ta karɓi katin ta kai shi kusa da taga. Ta daɗe tana kallo.

"Shi Mai Siton ya san inda makunnin ɗakin nan yake?"

"Ya dai sa hannu, Yaya."

"Layin farko cewa yake ya sani. Je ka kira shi."

Na koma na kira shi. Ya zo yana mita, yana cewa yau ya ga ta kansa, an ba shi mutum cikin kaya. Ta nuna masa makunni a baranda, ya ce ya gani. Ta ce ya gaya wa mutanensa. Ya ce, "Hajiya, mutanena a ɗakin nan ke kaɗai ce. Kada ki taɓa makunni. To, na faɗa." Ya tsaya a ƙofa yana auna ɗakin da ido, ina jin katifu yake lissafawa.

Na sauke makunni, na sa kwaɗo, na rataya allo. Na kwance murfin mota, na cire tsohuwar kwandensa, na sa wadda ke aljihuna. Na ɗiga mai, na goge ƙura. Ko minti goman bai cika ba. Na cire kwaɗo na mayar da wuta.

Ta zauna. Ta sa kwarkwaro, zare ya ƙi shiga allura, sai ni na zura mata. Ta ɗauko zani daga cikin goma sha ɗayan da suka rage, ta daidaita gefensa, ta taka. Keken ya tashi lafiya lau, da ƙararsa ta da.

Amma keke irin wannan gudu gare shi, hannu ne ke riƙe masa hanya. Yatsunta ba su kama zanin ba. Ya zame, ɗinkin ya karkace ya fita daga gefe ya shiga tsakiya. Ta ɗaga ƙafa. Ta ɗauki reza ta warware, ta sake gwadawa a hankali. Ya sake karkacewa. Ta gwada na uku da tafin hannu a shimfiɗe, zanin ya tattare a ƙarƙashin allura.

Ta zauna tana kallonsa. Mai Sito ya riga ya tafi.

"Ya gyaru," ta ce. "Aikinka ya yi kyau. Sa hannunka."

Na sa hannu a layi na uku, a kan kantar dama. Ta kashe keken, ta rufe shi da ƙyallensa, ta ɗauki allurar hannu da almakashi. Na kai katin ofishin Injiniya, aka jefa shi cikin kwali tare da na ranar.

Kwana taran nan da hannu ta yi su, keke na gefenta lafiyarsa ƙalau. Ta gama goma sha ɗayan ranar Alhamis. Ranar Juma'a ta share ɗakin, ta miƙa makulli, aka yi mata ɗan taro a baranda, Babbar Sista ta yi jawabi. Muka fito tare, ina riƙe mata jaka, muka tsaya a bakin titi wurin jiran mota.

Na ce, "Yaya, da na shiga na gyara tun watan farko fa?"

Ta ce, "Da ka gyara."

Na jira ko za ta ƙara, ba ta ƙara ba. Na tambaye ta ko hannun na ciwo. Ta ɗaga shi ta duba, ta juya bayansa, ta ce ba ya ciwo, ba ta dai jin sa ne. Mota ta zo a cike, muka tsaya jiran ta baya.